Yadda Za Ka Tsara Hutun Jirgin Ruwa Daga Saudiyya Duk Da Tashin Farashi

A da, jirgin ruwan da Bahaushen Jidda ya sani shi ne wanda yake tasowa daga Sawakin ta Sudan ɗauke da fasinjoji da masu Umara, ko kuma manyan jiragen dakon kaya da na tumaki da ake hangowa a tasha. Jirgin da mutum zai shiga domin hutu kawai, ya kwana a ciki, ya ci ya sha, gari ya waye masa a gaɓar wata ƙasa, abu ne da muke jin labarinsa a wurin Turawa. Al'amarin ya sauya tun daga 2021, shekarar da asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, wato PIF, ya kafa kamfanin Cruise Saudi, kuma jirgin MSC Bellissima ya fara ɗaukar masu hutu daga Jidda a lokacin zafin wannan shekara. A watan Disamba na 2024 kuma jirgin AROYA, wanda Cruise Saudi ke da shi, ya fara aiki daga Jidda, babu giya a cikinsa, babu ɗakin caca, abincinsa halal ne, kuma an tanadi wuraren salla. Wannan ya sa magidanta da yawa daga cikinmu, waɗanda a da ba za su ko kalli irin wannan tafiya ba, suka fara tambayar farashinta. Abin takaici shi ne mun shigo kasuwar a daidai lokacin da farashinta yake hawa a duniya baki ɗaya.

Yana da kyau mutum ya san abin da ya jawo tsadar, domin wanda ya san dalili shi ne yake gane inda za a iya samun sauƙi da inda ba za a samu ba. A watan Maris na 2020 annobar korona ta tsayar da jiragen hutu cak, wasu sun fi shekara guda suna tsaye a tasha ana ciyar da ma'aikata ana kula da injuna ba tare da fasinja ko ɗaya ba. Kamfanonin sun rayu ne da bashi. Carnival, wanda shi ne mafi girma a cikinsu, bashin da ke kansa ya taɓa haura dala biliyan 30, kuma ba wani ne zai biya wannan bashi ba illa fasinjan yau. Waɗanda suka kasa jurewa sun durƙushe, kamar Genting Hong Kong da ya rushe a 2022, kuma ɗaya daga cikin jiragen rukuninsa mai suna World Dream shi ne aka saya aka gyara ya zama AROYA. Da aka buɗe harkar, jama'a suka dawo fiye da da: ƙungiyar kamfanonin jiragen hutu ta duniya, CLIA, ta ƙirga fasinjoji miliyan 29.7 a 2019, miliyan 31.7 a 2023, sannan miliyan 34.6 a 2024. Kamfanin da ɗakunansa suke cika tun watanni kafin tashi ba shi da dalilin karya farashi.

Ga kuma kuɗin da gwamnatoci suka ɗora. Tun daga Janairun 2024 Tarayyar Turai ta fara cajin jiragen ruwa kuɗin hayaƙin da suke fitarwa, ta fara da kashi 40 cikin ɗari na hayaƙin, ta koma kashi 70 a 2025, sannan gaba ɗaya daga 2026. Daga watan Mayu na 2025 an wajabta wa jiragen da ke Bahar Rum amfani da mai wanda sinadarin sulfa ya yi ƙaranci sosai a cikinsa, kuma irin wannan mai ya fi tsada. Ƙasar Girka ta sanya harajin Yuro 20 a kan kowane fasinjan da ya sauka a tsibirin Santorini ko Mikonos a tsakiyar lokacin zafi. Mu kuma a nan akwai dalilin da ya shafe mu kai tsaye: tun da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai hari kan jiragen ruwa a kudancin Bahar Maliya a watan Nuwamba na 2023, kamfanonin waje da dama suka janye jiragensu daga wannan teku, wasu suka riƙa zagayawa ta kudancin Afirka. Da gasa ta ragu a Jidda, zaɓin mai saye ya ragu, kuma wanda yake son wani jirgi dabam sai ya fara biyan kuɗin jirgin sama zuwa Dubai ko Santambul ko wata tashar Turai.

Duk waɗannan ba a hannunka suke ba. Abin da yake hannunka shi ne kaso mai tsoka na kuɗin tafiyar wanda ba ya cikin adadin da aka rubuta a talla, kuma a nan ne mai lura yake tsira, marar lura yake faɗawa.

Fara da jimillar kuɗi, ba da farashin talla ba

Adadin da ake rubutawa da manyan lambobi a talla kusan kullum farashin mutum ɗaya ne, a ɗaki mafi araha, a ranar tashi mafi araha, kuma bisa sharaɗin mutum biyu ne za su kwana a ɗakin. Wanda zai tafi shi kaɗai sau da yawa ana cajinsa kusan kuɗin mutum biyu. Saboda haka kafin ka kwatanta jirgi da jirgi, ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da zai fita daga aljihunka tun daga ƙofar gidanka har ka dawo: kuɗin ɗaki, harajin tashoshi, kuɗin hidimar ma'aikata, biza, mota ko jirgin ƙasa ko jirgin sama zuwa tasha, kwanan otal idan ya kama, inshora, abin sha, intanet, da yawon gari a duk inda za a sauka. Ka haɗa jimilla, ka raba ta da yawan mutanenka, ka sake rabawa da yawan dararen. Wannan adadi na mutum ɗaya a dare ɗaya shi ne kaɗai ma'aunin gaskiya, kuma da shi za ka ga cewa tafiyar da ta yi kama da mai araha a talla tana iya fin wadda ta yi kama da mai tsada cin kuɗi.

Kuɗin hidima ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi ba sababbin matafiya mamaki. Manyan kamfanonin Amurka suna ɗora wa kowane fasinja tsakanin dala 16 zuwa 20 a kowace rana a matsayin tukwicin ma'aikata, kuma ana rubuta shi a asusun ɗakinka ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. A ce kai da maiɗakinka da yara biyu za ku yi dare 7, ana cajin dala 18 a kan kowa: dala 504 ke nan, wanda a canjin riyal 3.75 na kowace dala ya kama riyal 1,890, alhali ba ku sayi ko kwalbar ruwa ba. Wasu kamfanoni suna sa wannan kuɗi a cikin farashin tun farko, wasu suna rage shi ga ƙananan yara, wasu kuma ba sa ragewa. Ba na ba da shawarar mutum ya je ya nemi a cire masa shi inda aka yarda a cire, domin masu share ɗaki da masu kawo abinci, waɗanda suke watanni a teku nesa da iyalansu, da wannan kuɗi suke cike albashinsu, kuma mu da muke zaune a ƙasar da ba kowa ne a cikinmu ya zo da gata ba mun fi kowa sanin haƙƙin ma'aikaci baƙo. Abin da ya dace shi ne ka sa shi cikin lissafi tun daga gida.

Idan ta hannun ofishin tafiye-tafiye za ka saya, kada kunya ta hana ka tambaya dalla-dalla. Ka ce masa, “Malam, don Allah rubuta mini jimillar abin da zan biya, da haraji da kuɗin hidima, ka kuma rubuta mini abin da ba ya ciki.” Amsar baki ba ta da amfani a ranar da gardama ta taso. Wadda aka rubuta a saƙo ko a takarda ita ce hujjarka.

Takardu, inda namu lissafin ya bambanta da na kowa

Wannan shi ne ɓangaren da tallace-tallace ba sa magana a kansa, alhali ga Hausawan Saudiyya shi ne yake yanke hukuncin ko tafiya za ta yiwu ko ba za ta yiwu ba. A cikinmu akwai 'yan ƙasa masu fasfon Saudiyya, waɗanda kakanninsu suka zauna a Makka da Madina da Jidda tun zamanin da ake zuwa Hajji a ƙasa, akwai kuma masu igama, wato takardar izinin zama, waɗanda suke riƙe da fasfon Nijeriya ko Nijar ko Sudan ko Chadi. Jirgi ɗaya za su shiga, amma kuɗin tafiyarsu ba ɗaya ba ne. Wani lokaci ma a gida ɗaya ake samun fasfo iri biyu, don haka dole a duba na kowa dabam.

Mai igama ba ya fita ƙasar sai da bizar fita da dawowa, kuma jirgin da zai tsaya a Sharm el-Sheikh ta Masar ko Aƙaba ta Jodan fita ce cikakkiya, ko da dare uku kawai za a yi. Bizar tafiya ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, kowane ƙarin wata riyal 100. Ta shiga da fita sau da yawa riyal 500 ce na wata uku. Magidanci mai mutum huɗu zai biya aƙalla riyal 800 ke nan kafin ya taka jirgi. Ka dubi jerin tashoshin da kyau: idan jirgin zai fita ƙasar waje, ya dawo wata tashar Saudiyya kamar Yanbu, sannan ya sake fita, ka tambayi kamfanin a rubuce ko bizar tafiya ɗaya za ta wadatar. Ka kuma tuna ba a fitar da wannan biza idan akwai tarar hanya da ba a biya ba, kuma dole wa'adin igama ya rufe kwanakin bizar, wanda ga iyali yake nufin an biya kuɗin zaman masu rakiya na riyal 400 a wata a kan kowane mutum. Tun daga Maris na 2021 ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu suna iya neman bizar da kansu ta manhajar gwamnati ta Absher, amma ma'aikatan gida da direbobin gida ba sa cikin wannan sassauci, sai ta hannun kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyinsu.

Bayan wannan sai bizar ƙasashen da za a sauka. Kada ka yarda da maganar da ake yawan yi cewa wanda ba shi da biza sai ya zauna a cikin jirgi kawai. Kamfanoni da yawa ba sa barin mutum ya hau tun daga farko idan takardunsa ba su cika na dukan tashoshin ba, kuma sharuɗɗansu sun ce alhakin takardu yana wuyan fasinja, ba a mayar masa da ko sisi. Tafiyar da ta haɗa da tsibiran Girka tana buƙatar bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai, wadda tun Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu, kuma idan aka hana ka bizar kuɗin ba ya dawowa. Mai fasfon Saudiyya yana shiga Turkiyya ba biza, mai fasfon Nijeriya kuwa sai ya nema. Shawarata ga mai igama ita ce ya jera tafiye-tafiyen da ke gabansa bisa yawan bizar da kowacce take buƙata, ya fara duba mai ƙarancin biza, kuma kada ya biya kuɗin da ba a mayarwa kafin bizar ta fito. Fasfo kuma ya kasance da sauran wata 6 aƙalla bayan ranar dawowa. Wanda fasfonsa ya kusa ƙarewa ya fara da ofishin jakadancin ƙasarsa tun kafin ya kalli farashin jirgi.

Daga nan za ka ga dalilin da ya sa tashi daga Jidda ya fi sauƙi ga yawancinmu ko da kuɗin ɗakin ya ɗan ɗara na wani jirgi da ke Turai. Mazaunin Makka ko Madina yana iya zuwa Jidda a jirgin ƙasan Haramain ko a mota a safiyar ranar tashi, babu tikitin jirgin sama na mutum huɗu ko biyar, babu kwanan otal. Wanda zai tashi daga Santambul ko Basalona ta Sifen kuwa dole ya isa garin kwana guda kafin tashi, domin idan jirgin sama ya yi latti na ruwa ba ya jiran kowa, kuma wannan daren otal ɗin yana cikin kuɗin tafiya. Jirage suna sauya teku gwargwadon yanayi, AROYA ma ya yi lokacin zafin 2025 a Bahar Rum yana tashi daga Santambul, don haka ka duba watannin da jirgin yake kusa da kai ka tsara hutunka a kansu.

Lokacin tafiya da lokacin saye

Farashin ɗaki a jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka gwargwadon yawan masu nema. Ranakun da kowa yake da hutu su ne mafi tsada: hutun makarantu, hutun Sallah ƙarama da babba, ranar ƙasa ta 23 ga Satumba, ranar kafuwar ƙasa ta 22 ga Fabrairu. Haka nan gajeriyar tafiyar da ta haɗa da Juma'a da Asabar takan fi wadda ta faɗo a tsakiyar mako tsada. Wanda 'ya'yansa ba su shiga makaranta ba, ko suka riga suka girma, ko sababbin ma'aurata, yana da damar da mai 'yan makaranta ba shi da ita, ya yi amfani da ita. A Bahar Rum watannin Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi Yuli da Agusta sauƙin farashi da sauƙin zafi da cunkoso.

Game da lokacin saye, akwai masu jiran makon ƙarshe da fatan kamfani zai karya farashi don cike ɗakunan da suka rage. Wannan dabara ta yi aiki a shekarun baya, tana kuma iya yi wa mutum biyu masu fasfon da ba ya buƙatar biza. Ga magidanci mai igama da yara ba na ganin hikima a cikinta, domin ɗakunan da ke ɗaukar mutum huɗu kaɗan ne kuma su suke fara ƙarewa, biza kuma ba ta fitowa a kwana biyu. Gara a saya da wuri, musamman tsakanin Janairu da Maris, lokacin da kamfanonin duniya suka saba fitar da rangwamensu. Rangwamen da ya fi amfani ga iyali shi ne wanda ake ɗauke wa mutum na uku da na huɗu a ɗaki kuɗi, amma ka sani ko an ce yara kyauta ne, harajin tasha da kuɗin hidima suna nan. Ka karanta sharaɗin kuɗin kafin alƙalami: farashi mafi araha sau da yawa shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa, kuma a duk kamfanoni abin da ake yanka idan ka fasa yana ƙaruwa ne yayin da ranar tashi take matsowa, har ya kai duka.

Ɗaki

A nan ake samun ragi mafi girma da asara mafi ƙanƙanta. Ɗakin ciki marar taga shi ne mafi araha, sai mai taga, sai mai baranda, sai manyan ɗakuna na alfarma. Abincin da za ku ci ɗaya ne, wuraren wasan yara ɗaya ne, tashoshin da za ku gani ɗaya ne. A tafiyar dare uku ko huɗu, wadda kwana kawai yake kai mutum ɗaki, ɗakin ciki ya wadatar. Inda nake ganin baranda ta cancanci kuɗinta shi ne idan akwai tsohuwa ko tsoho da ba za su iya yawan zirga-zirga ba, ko uwargida mai son ta zauna ta kalli teku ba tare da shiga cikin jama'a ba, kuma wannan buƙata ce ta gaskiya a gidajenmu wadda bai kamata a raina ta ba. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi a bene na ƙasa, inda girgiza ta fi sauƙi, kuma abin farin ciki waɗannan ba su ne masu tsada ba. Ga iyali mai mutum biyar ko shida, a kwatanta kuɗin ɗakunan ciki biyu da na babban ɗaki guda.

A cikin jirgi da kuma a tasha

Da ka hau jirgi za a ba ka kati wanda shi ne mabuɗin ɗaki kuma shi ne kuɗi. Babu riyal da za ka ƙirga da hannunka, sai dai a goga kati, kuma wannan yana sa kashe kuɗi ya yi sauƙi fiye da kima, musamman a hannun yara. Tun ranar farko ka je teburin hidimar fasinjoji ka sa a rufe saye a katin yara ko a sa masa iyaka, sannan ka riƙa duba asusunka kowane dare ta manhajar jirgin ko talabijin ɗin ɗaki. Babban ɗakin cin abinci da wurin ɗiba da kanka suna cikin kuɗin da ka riga ka biya, kuma abincinsu ya ishi kowa. Gidajen abinci na musamman kuɗinsu dabam ne. Idan ana son a ɗanɗana, a yi sau ɗaya.

A jiragen waje ana tallata kunshin abin sha na kullum, wanda an gina farashinsa ne a kan masu shan giya. Musulmi ba shi da abin yi da shi, kuma kada a yarda da farashin “komai a ciki” wanda rabin darajarsa abin da ba za ka taɓa ba ne. Ko kunshin lemo da kofi ma a lissafa kafin a saya: a raba kuɗinsa na rana da kuɗin kofi ɗaya a ga ko mutum zai sha yawan haka, a tuna kuma ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na hidima a kan abin sha. A irin waɗannan jirage a nemi bayanin abincin halal a rubuce tun kafin biya, domin wanda ya biya kuɗin nama sau uku a rana ya ƙare a kan kifi da ganye bai ci kuɗinsa ba.

Waya kuma sai an kiyaye ta. Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, wayarka tana iya kama layin jirgin na tauraron ɗan'adam, wanda kuɗinsa ba ya cikin kunshin yawo na layinka na Saudiyya, kuma yana da tsada ƙwarai. Ka sa wayar kowa a yanayin jirgin sama da zarar an tashi. Idan intanet ya zama dole, a sayi na waya ɗaya tun kafin tafiya, lokacin da yakan fi araha, sauran su jira a isa tasha.

Yawon garin da kamfani yake shiryawa ya fi wanda za ka shirya da kanka tsada, amma yana da fa'ida guda babba: idan motarsu ta makara jirgi zai jira ta, idan taka ta makara kuwa zai tafi ya bar ka, kuma kuɗin cim masa a tasha ta gaba a kanka yake. Saboda haka a raba tashoshin gida biyu. Inda abin gani yake da nisa, kamar Petra, tsohon birnin tarihi na Jodan, wadda take kusan awa biyu a mota daga Aƙaba, a bi motar kamfani ko a haƙura. Inda gari yake kusa da tasha, a sauka a taka da ƙafa ko a ɗauki tasi bayan an daidaita kuɗi, kuma mu da muke jin Larabci muna da rinjaye a Masar da Jodan wanda sauran baƙi ba su da shi. A koma jirgi aƙalla awa guda kafin lokacin da aka ƙayyade, a kuma bi agogon jirgi, ba na gari ba. Ba dole ba ne a sauka a kowace tasha. Ranar da jama'a suka fita, wuraren wasan yara da wuraren ninkaya babu cunkoso, kuma abincin rana na jirgi an riga an biya shi.

Yadda za a biya

Hutu ba lalura ba ne, don haka ban ga dalilin da zai sa mutum ya ci bashi mai ruwa dominsa ba. Hanyar da iyayenmu suka saba ita ce ta fi dacewa: adashi, wanda a nan ake kira jam'iyya, ko ware wani abu daga albashi kowane wata har kuɗin ya cika. Tsarin kamfanonin ma yana taimakawa, tunda ana ba da kafin alƙalami da wuri, a cika sauran makonni kafin tashi. Manhajojin biya kashi-kashi irin su Tabby da Tamara sun yaɗu a ƙasar nan, kuma suna da amfani ga wanda ya tabbata albashinsa zai ɗauki kowane kashi a kan lokaci, amma wanda aikinsa na kwangila ne ko albashinsa yakan yi jinkiri ya yi nesa da su a kan abin da ba dole ba. Akwai kuma haƙƙin 'yan'uwa da ake aika wa kuɗi gida, wanda bai kamata hutu ya taɓa shi ba. Idan jimillar ta fi ƙarfinka bana, tafiyar dare uku a maimakon bakwai tana nuna wa yara teku da jirgi da wata ƙasa, kuma hanya ce mai kyau ta gwada ko iyalinka suna jure wa teku kafin a zuba kuɗi mai yawa.

Abu ɗaya da ba a rage kuɗi a kansa shi ne inshorar tafiya. Asibitin cikin jirgi na kuɗi ne, kuma inshorar lafiya ta wurin aikinka mai yiwuwa ba ta aiki a teku ko a wajen ƙasa, don haka ka tambayi kamfanin inshorarka, ka sayi wadda ta ambaci jirgin ruwa da ɗaukar marar lafiya zuwa asibitin tudu. Ka tafi da magungunan da kuka saba sha da na jiri daga gida. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai juna biyu da za ta kai mako 24 a lokacin tafiya, ko jaririn da bai kai wata 6 ba, saboda haka a lissafa watanni kafin a biya.

A daren ƙarshe za a fito maka da jimillar abin da aka rubuta a asusunka. Ka karanta shi layi-layi tun kana cikin jirgi, ka kai ƙorafin duk abin da ba ka gane ba teburin hidima a wannan daren, domin bayan an sauka gyara yana da wuya. Idan asusun da dala ko Yuro aka rubuta shi kuma aka tambaye ka ko a juya maka shi zuwa riyal, ka ce a bar shi a kuɗin jirgin, bankinka ya yi canjin, tunda canjin banki yakan fi wanda za a yi maka a jirgi sauƙi. Kuɗin da aka riƙe a katinka a matsayin jingina tun ranar hawa yakan ɗauki kwanaki kafin a sake shi, don haka kada ka yi rajista da katin da kuɗin hayar gida ko na makarantar yara yake ciki.